Littafin da Nake Rubuta Fina-finan Gidanmu

Uwargida, da zan tambaye ki fim nawa aka kalla a wayarki cikin watan nan, za ki iya faɗa mini? Ina nufin har da wanda aka kalla kina madafa, ko kina barcin rana bayan kin miƙa wa yara wayar kin ce su ba ki lafiya. Ni dai shekarun baya da ba zan iya amsawa ba.

Aikina jinya. A wurin aiki komai sai mun rubuta: zafin jikin majinyaci, allurar da aka yi masa, ƙarfe nawa aka ɗaura ruwa, ƙarfe nawa ya ƙare. Wadda za ta karɓe ni ba ta zama sai ta karanta abin da na bari. Amma a gidana, abin da ke shiga idon 'ya'yana ba wanda ke rubutawa, ba wanda ke karɓar wani.

A hutun makaranta na 2021 na kai yara Gwandu wurin Inna, mahaifiyar maigida, domin makon aikin dare ne gare ni a Kalgo. Na bar musu tsohuwar wayata. Wani ɗan'uwansu ya kai katin wayar wurin masu tura fina-finai a bakin tasha, aka cika shi fal da fassarar Indiya. Da suka dawo, ɗiyata ta fari, lokacin tana shekara 9, ta daina yarda ta shiga banɗaki ita kaɗai, ga fitsarin kwance da ta bari tun tana shekara huɗu ya dawo. Na gwada ta zazzaɓin cizon sauro, babu. Na kai fitsarinta aka duba, lafiya lau. Inna ta ce a nemo mata rubutu, aka nemo, ta sha. Sai ranar nan ƙanenta ya ce, "Mama, ai tun ranar da muka kalli matar nan mai fitowa daga rijiya take tsoro."

Na buɗe katin. Fim ɗin tsoro ne, an sa shi tsakanin fina-finan soyayya da na barkwanci, ko suna babu, lamba ce kawai. Ni da nake ganin jini kullum sai da na kau da kai. Kusan mako uku ina neman cuta a jikin yarinya, ashe abin yana cikin wayar da ni na ba ta da hannuna.

Washegari na sayi littafin rubutu irin na 'yan firamare. Kowane fim layi huɗu: kwanan wata, sunansa, da wa aka kalla, sai abin da na gani. Ba sharhin masana ba ne, yadda zan faɗa wa maƙwabciyata ta kan katanga haka nake rubutawa. Ga kaɗan daga ciki:

"Gidan Badamasi. Da kowa da kowa. An yi dariya har Baban yara ya leƙo. Amma autana ya koyi yi wa babba gatse, sai na sa ido."

"Kwana Casa'in. Ni da maigida. Siyasar Alfawa kamar a unguwarmu aka ɗauka. Ba na yara ba ne, barci ma yake sa su."

"Labarina. Ni kaɗai. Sumayya ta sa ni kuka, kuma na ƙona miya."

"Fassarar Indiya, ban san sunansa ba. Duka da sara daga farko har ƙarshe. Na goge."

Kin ga ba wani abu ba ne mai wuya. Abin da ban zata ba shi ne littafin zai fara tona ni kafin ya tona yara. Da na ƙirga wata guda, sai na ga layukan da aka rubuta "ni kaɗai" sun fi na kowa yawa. Izzar So kawai, da nake bi a YouTube, na ga dare nawa na kai ƙarfe ɗaya ina kallon Umar Hashim da Hajiya Nafisa, alhali da safe ina da aiki. Na ga inda kuɗin data ke tafiya. Na kuma ga sau nawa na rubuta "da jaririya a cinya". Wannan ya fi ba ni kunya, domin ni ce nake faɗa wa mata a ranar awo abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019: yaron da bai kai shekara biyu ba kada a zaunar da shi gaban allo, ɗan shekara biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana. Ina faɗa da baki, ina karyawa da hannu.

Kada ki ɗauka ina cikin masu cewa fim ɗin Hausa duk ɓata tarbiyya ne. Ba na ciki. Da shi na tashi. Tun Turmin Danya na 1990 masana'antar nan take tafe, kuma ta ba mu abubuwan da suka buɗe bakin iyaye a kan maganar da da ba a yin ta. Daɗin Kowa na tashar Arewa24 ya taɓo shaye-shaye da almajirci da zaman Musulmi da Kirista a gari ɗaya, kuma rigimar Kamaye da Adama ta sa na yi wa ɗiyata bayanin talauci da haƙuri fiye da yadda zan iya da wa'azi. Kano tana da Hukumar Tace Fina-finai tun 2001, tana duba abin da ake shiryawa a can. Sai dai hukumar ba ta san abin da aka tura a katin da ke cikin wayarki a Kalgo ko Gwandu ba. A nan ke ce mai tacewa, ko kin so ko ba ki so ba.

Akwai shafin da na ware a bayan littafin, wanda abokan aikina suka fi so. A nan nake tara kwaɓar asibiti da nake gani a fim. Likita ya taɓa wuyan mutum daƙiƙa biyu ya girgiza kai, shi ke nan an mutu. Budurwa ta yi tari, jini ya fito a hankici, a ce ciwon zuciya ne saboda saurayi ya guje ta. Mutum ya faɗi yana fizge-fizge, a taru a danne shi ana tura masa cokali a baki. Muna dariya, amma abin ba na dariya ba ne. Tarin da ya wuce mako biyu, balle da jini, tarin fuka ake fara nema, kuma gwajinsa da maganinsa kyauta ne a asibitin gwamnati. Mai farfaɗiya kuma ba a sa masa komai a baki. A janye abin da zai ji masa ciwo, a kwantar da shi ta gefe idan jijjigar ta lafa. Na sha karɓar uwa da ta yi wa ɗanta abin da ta gani a allo, da kyakkyawar niyya. Yanzu idan irin wannan wurin ya zo, nakan tsayar da fim ɗin in tambayi yara, "To, mene ne kuskuren likitan nan?" Har gasa suke yi.

Idan za ki fara, kada ki jira sai kin sami littafi mai kyau. Bayan tsohon littafin yaro ya isa. Wadda boko bai zauna mata ba ta rubuta da ajami, ko ta yi wa kanta saƙon murya a WhatsApp. Sabon kati idan ya shigo gida, ki zauna minti goma ki riƙa tsallakawa kina leƙa farko da tsakiya da ƙarshen kowane fim kafin ya kai hannun yara. Wanda ba shi da suna, ki ba shi suna da kanki. Kuma kada ki mai da littafin bulala; ranar da yaro ya gane cewa faɗin gaskiya zai jawo masa duka, ranar zai koma kallo a gidan maƙwabta, inda ba ki da ido.

Littafinmu na uku muke ciki yanzu, kuma ba ni kaɗai ke rubutu ba. Ɗiyata ta karɓi rabin shafi. A hutun da ya wuce muna Gwandu na nemo mana Sangaya, fim ɗin Ali Nuhu da Fati Muhammad da muka haddace waƙarsa muna yara, lokacin da ake taruwa gidan mai bidiyo ɗaya a unguwa. Na zauna ina jiran ta ji abin da na ji. Inna ma ta jawo tabarma, tana cewa ita dai ta san wanga yaro tun bai yi ƙiba ba.

Da aka gama na rubuta nawa: "Har yanzu yana nan yadda na bar shi." Na miƙa mata biro. Da dare na duba abin da ta sa a ƙasa: "Hoton ba ya fita sosai. Yariman yana da kirki. Mama ta yi ta waƙa, ta hana mu ji."