Gaskiya ko Jita-jita: Ɗaukar Hoton Mota a Guje

Da zarar an gama kaka a ƙasar Ɗambatta da Makoɗa da Bichi, an kwashe gero da dawa, an ɗaure kara, sai fili ya bayyana a inda babu shi duk tsawon damina. Yanki ne da gona ke manne da gona, abin da masanin ƙasa Michael Mortimore ya yi ta rubutu a kai tun shekarun 1960. Don haka babu wani filin tsere da aka keɓe. Abin da ake da shi sai filin idi, filin ƙwallon firamare, burtali, da gonar da aka girbe. A nan samari kan yi sukuwa, 'yan babur su nuna gwaninta, ranar biki kuma abokan ango su zo da motoci daga birni su yi ta juyi suna tayar da ƙura. Ba tsere ne mai alƙali da tuta ba, irin wanda aka sha haɗawa da bikin kamun kifi na Argungu, ko na Faris zuwa Dakar da ya fara a ƙarshen 1978 yana ratsawa ta Agadas. Amma ga mai koyon hoto, darasin ɗaya ne.

Duk inda aka taru za ka ga yaro ya ɗaga waya yana bin motar da ido. Masu ba shi shawara kuwa ba sa yankewa. Wasu shawarwarin na da tushe, wasu rabin gaskiya ne, akwai kuma guda ɗaya da za ta iya kai shi asibiti.

“Wayar nan taka ba za ta iya ba, sai babbar kyamara”

Jita-jita ce, in dai da rana ake magana. Kowace kyamara na da 'yar ƙofa da ke buɗewa haske ya shiga ta rufe. A waya lantarki ke yin wannan aikin. Tsawon lokacin da take a buɗe shi ke raba hoto tas da hoto dishi-dishi. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin kusan mita 22 a daƙiƙa guda. In ƙofar ta buɗe na kashi ɗaya cikin 1000 na daƙiƙa, motar ba ta wuce santimita biyu da 'yan kai ba, sai ta fito a tsaye cak. In ta buɗe na kashi ɗaya cikin 60, motar ta yi tafiyar santimita 37, sai hoton ya zama zane-zane. A hasken ranar Kano, Tecno ko Infinix ɗin da aka saya a Farm Centre kan zaɓi saurin da ya kai 1/1000 ko ya fi, ba tare da an ce mata komai ba.

Inda babbar kyamara ta fi waya wuri biyu ne: dogon gilashin da ke jawo abu daga nesa, da saurin kama abin da ke motsi. Waya kan ɗan yi jinkiri tsakanin danna yatsa da ɗauka, shi ya sa mai koyo ke komawa gida da hotunan bayan mota da ƙura zalla. Maganinsa ba kuɗi ba ne. Ka zaɓi wurin da motar za ta bi, misali gindin wata ɗorawa, ka taɓa shi a fuskar wayar ta daidaita a kansa tun kafin a taso, sannan ka yi ɗauka a jere, goma ko ashirin, ka zaɓi ɗaya.

Batun megafiksel kuma, 50 ko 108 da aka rubuta a kwali, yawancin waɗannan wayoyi kan haɗe ɗigo huɗu ko tara su zama ɗaya, su ba ka hoto mai kusan 12. Ba shi ke tsayar da mota ba.

“Hoton kirki shi ne wanda komai ya fito tas”

Nan ne na fi saɓa wa jama'a. Ka tsayar da mota a 1/2000, tayoyi a daskare, bishiya tas, jama'a tas, me ka samu? Motar da aka ajiye a gona. Wanda bai je wurin ba ba zai san tana tafiya ba.

Masu sana'ar kan yi akasin haka. Sukan rage saurin ƙofar zuwa 1/125 ko 1/60, su kafe ƙafa, su manne gwiwar hannu a haƙarƙari, su juya daga ƙugu suna bin motar tun tana nesa, su danna tana gabansu, su ci gaba da binta bayan sun danna. Motar sai ta fito sarai, tayoyi na juyawa, kuka da rumbuna da 'yan kallo a bayanta sun zama jan layi. Mafi yawan abin da mai koyo zai ɗauka ta wannan hanya na zubarwa ne, kuma haka yake ko ga ƙwararru.

Akwai wata matsala da masu waya ba su cika sani ba. A sashen Pro za ka iya sa S, wato saurin ƙofar, a 1/60, amma da azahar hoton zai fito fari fat, domin bakin gilashin waya a buɗe yake wangale, ba a iya tsuke shi yadda ake yi wa babbar kyamara. Sai dai a jira rana ta yi sanyi, dab da magariba, ko a sa baƙin gilashin da ake sayarwa don rage haske. Wasu kan kara tabarau baƙi a gaban wayar. Yana ɗan taimakawa da yamma, ba ya isa da tsakar rana.

Wani lokaci kuma sai ka ga turakun lantarki sun karkace a hoton, ko taya ta zama kamar ƙwai, a ce wayar ta lalace. Lafiyarta ƙalau. Tana karanta hoton ne layi-layi daga gefe zuwa gefe, kafin ta kai ƙarshe abin ya gusa. Tsohon al'amari ne. Kafin Yaƙin Duniya na Farko wani saurayi Bafaranshe, Jacques Henri Lartigue, ya ɗauki wata motar tsere mai lamba 6: tayar baya ta karkata gaba, 'yan kallo sun karkata baya, hancin motar ma ya fice daga hoton. A ma'aunin masu son komai tas, hoton banza ne. Yau yana cikin hotunan tsere da aka fi sani a duniya, shi kuwa mai shi ba a san da shi sosai ba sai da aka baje aikinsa a New York a 1963, yana ɗan shekara 69.

“Matsa kusa, abokina, daga nan ba za ka samu komai ba”

Wannan ita ce mai kai mutum asibiti. Kuma waya na taya ta yaudara, domin gilashinta mai faɗi ne, yana nuna abu ƙarami, ya fi yadda yake nisa. Wanda ya kafa ido a fuskar waya yana ganin motar can, alhali ta iso. Mutum mai lafiya kan ɗauki kusan rubu'in daƙiƙa kafin jikinsa ya fara amsa abin da idonsa ya gani. A cikin wannan ɗan lokaci motar da ke kilomita 80 ta ci mita biyar da rabi, shi ko ƙafa bai ɗaga ba.

Motar da ta ƙwace a kwana waje take zamewa, ba ciki ba, balle a kan yashi, balle da tayoyin da suka suɗe. To, bayan kwanar nan shi ne inda yara suka fi son tsayawa, saboda nan ake ganin motar tana tahowa gaba da gaba. Turawa ma sai da suka sha wuya suka koya. A tseren Le Mans na Faransa a 1955 mota ta tarwatse cikin 'yan kallo, fiye da mutum 80 suka mutu. A tseren Fotugal na 1986 wata Ford ta kutsa cikin jama'ar da suka yi dafifi a bakin hanya ta kashe uku, kuma daga ƙarshen wannan shekara aka soke rukunin motocin da suka fi ƙarfi a gasar. Can akwai hukuma da motar asibiti. A filin biki a ƙauye babu shinge, babu mai tuta, direban ma wataƙila motar yayansa ce.

Abin daɗin shi ne wurin da ya fi tsaro sau da yawa shi ya fi ba da hoto. Ka hau tudu, ko katangar makaranta, ko bayan a-kori-kura da aka ajiye nesa da layin gudu, ta ɓangaren cikin kwana, da tazara mai kyau. Daga sama ana ganin sawun taya a ƙasa da da'irar jama'a, kuma a kwana mota ta fi rage gudu, ta fi sauƙin kamawa. Ka samu wani ƙaninka ya tsaya kusa da kai, aikinsa kawai ya kalli fili ya ja rigarka. Jawo hoto da yatsa biyu kuwa yanka ne kawai, ba ya ƙara komai. Gara ka ɗauka yadda yake ka yanke daga baya.

Sai wata magana da ba a so a ji: kyamara na zuga direba. Yaron da zai yi juyi biyu ya tsaya, da ya ga an saita shi sai ya ƙara na uku. A kan titin Kano zuwa Daura ko na Katsina kuwa ba wasa ba ne, laifi ne, kuma rundunar 'yan sandan Kano ta sha gargaɗi gabanin sallah kan tseren motoci da kilisa ba izini. Ni dai ban ga hoton da ya kai a tsaya masa a bakin kwalta ba.

Ƙura, fitila da aljanu

Ana cewa ƙura na ɓata hoto. Rabi gaskiya. Hazon hunturu kan kashe launi, abin da ke nesa ya yi fari-fari. Amma ƙurar da taya ta tayar ita ce rabin labarin. Bayan la'asar, in ka tsaya yadda rana za ta zama a bayan motar ta ɗan gefe, ƙurar kan kama haske ta yi ja kamar garwashi, motar ta fito baƙa a tsakiyarta. Ka juya wa rana baya, ƙurar nan sai ta koma toka-toka.

Inda ƙura ke ɓarna da gaske a jikin gilashi ne. Akwai ɓarɓashin yashi a cikinta, mai goge ta da hannun riga yana kankare gilashinsa ne sannu a hankali. A fara hure ta, sannan a bi da ƙyalle mai laushi. Mai babbar kyamara kuma kada ya kuskura ya cire gilashi a fili.

Fitilar waya ba ta wuce mita biyu zuwa uku, kuma duk nisan da aka ninka haskenta kan koma kashi ɗaya cikin huɗu. Ba za ta kai ga mota ba, sai dai ta haske ƙurar da ke shawagi a bakin gilashin. Waɗannan ne fararen da'irori da ake nunawa a ce an kama aljanu a hoton biki. Ka kashe fitilar ka sake ɗauka a wurin, za ka neme su ka rasa.

“Ai sai ranar da aka yi wasan mota za ka koya”

Wannan ma ba haka ba ne, kuma da haka ne da babu mai koyo a ƙauye, tunda ba kullum ake biki ba. Hannu ba ruwansa da abin da yake bi. Mai keke a burtali ya isa, haka mai babur da ya ɗauko buhu ranar kasuwar Ɗambatta, kai kana can gindin darbejiya. Doki ya fi su duka koyarwa, domin ban da gudu yana sama yana ƙasa. Da doki ma aka fara ɗaukar hoton abu a guje: a 1878 Eadweard Muybridge ya jera kyamarori a Kalifoniya ya nuna cewa akwai lokacin da ƙafafu huɗun ke barin ƙasa gaba ɗaya, kuma a lokacin a naɗe suke ƙarƙashin ciki, ba a miƙe ba yadda masu zane suka saba yi. Wanda ya iya kama wannan a hawan sallar Bichi, ko a Filin Sukuwa na Kano, mota ba za ta gagare shi ba.

In gona ce za a shiga, a tambayi mai ita ko mai unguwa, ko da an girbe; kusa da madatsar Tomas akwai masu noman rani da tumatir da albasa a ƙasa. Matan da suka fito kallo kuma ba su aka zo ɗauka ba.

In direban ya ce, “Oga, turo min,” kada a tura ta WhatsApp kai tsaye, domin yakan matse hoton ya zubar da yawancin abin da aka sha wahala a kai. A tura shi a matsayin fayil, ko a zaɓi HD, asalin kuma ya zauna a wayarka.