Man da aka ce ƙasa ta shanye

Tun da gwamnatin tarayya ta fara zama da shugabannin Ogoni a farkon 2025 kan batun sake haƙo mai a yankinsu, wata tsohuwar magana ta dawo bakin mutane: wai man da ya malale tun da daɗewa ai ƙasa ta shanye shi. Haka bakanike ma yake cewa in ya juye baƙin mai a bayan gareji.

Ƙasa ajiya take yi. Mai yakan tsiyaya ta cikin yashi har ya tarar da ruwan ƙarƙashin ƙasa, sai ya kwanta a samansa. Da damina ruwan ya taso da shi, da rani ya sauka ya bar maiƙo manne da yashi, kamar yadda manja ke barin zobe a jikin tukunya in miya ta ja baya. Wannan maiƙon babu famfon da zai zuƙo shi duka. Yana nan shekara da shekaru yana sakin guba kaɗan-kaɗan, musamman sinadarin benzin mai haddasa sankarar jini, ruwa kuma yana ɗauka zuwa rijiyar da babu ruwanta da bututu.

Shi ya sa masana ke sa kwamfuta ta yi hasashen inda gubar za ta bi. Ana ba ta irin ƙasar wurin, da zurfin ruwa, da inda yake gangarawa, da kaurin man. Sai dai abin da aka ba ta shi za ta juya. A Ogoni an daɗe ana aiki da zaton cewa akwai shimfiɗar yumɓu da ke tare mai daga sama, don haka ana kafta ƙasar sama a bar ta ta sha iska, a ce an gyara. Da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNEP, ta haƙa rijiyoyin gwaji 142, rahotonta na 2011 ya nuna yumɓun bai game ko'ina ba. A wurare 49 man ya nutse aƙalla mita biyar. A Nisisioken Ogale an tarar da mai mai kaurin santimita 8 kwance kan ruwan da jama'a ke sha, benzin ɗinsa ya haura ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya sau 900. Wannan fa bayan an daina haƙo mai a yankin tun 1993. Gyara, inji rahoton, zai ci shekara 25 zuwa 30.

Mu a Arewa mun yi ta murna da aka ƙaddamar da haƙo mai a Kolmani, kan iyakar Bauci da Gwambe, a Nuwamban 2022. Jawabai sun yi yawa kan ganga nawa za a samu. Abin da ya fi gaggawa shi ne a auna ruwan rijiyoyin ƙauyukan wurin tun yanzu, a buga sakamakon kowa ya gani, domin ranar da bututu ya fashe kamfani zai iya cewa dama can haka ruwan yake.