Masu Gyaran Kwale-kwale a Bakin Tiga

Gabas da Kwanar Dangora ruwan Tiga yake shimfiɗe. Tun da aka kammala dam ɗin a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, Kogin Kano ya zama tafki, su ya kankama a ƙauyukan Bebeji da Tudun Wada. Duk inda masunta suka yi sansani kuwa, ba a rasa mai gyaran jirgi.

Tsohon kwale-kwale sai an ja shi tudu an kife shi kafin a san ciwonsa. A bar shi ya sha iska, amma ba a ƙyale shi cikin zafin rana ya daɗe, don katakon zai tsattsage. Mai gyara ya kankare gansakuka da tsohuwar kwalta, sa'annan ya bi jikin jirgin da guduma yana ƙwanƙwasawa, yana kasa kunne. Lafiyayyen katako amo yake yi, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji luƙus. Nan ne gwaninta take, domin ruɓa daga ciki take ci, ido bai cika ganinta ba.

Inda ya ruɓe, a yanke da zarto, a sassaƙe sabon katako da gizago har ya zauna daram. Maɗaci da kawo sun fi jure ruwa, sai dai sun yi wuya, shi ya sa ake haƙura da na 'yan katako. A buga kusoshi a lanƙwashe bakinsu, a cusa tsumma a tsakanin katakai, a narka kwalta a bi kowace tsaga. Wani wurin a ɗora falle na langa-langa. Daga nan a mayar da jirgin ruwa ya kwana, katako ya kumbura, ƙofofin da suka rage su toshe.

Sau da yawa masunci kan ce, "Malam, a ɗan liƙe mini haka nan, kasuwa ba daɗi." Mai gyara na ƙwarai ba ya yarda, ko da zai jira kuɗinsa sai an sayar da karfasa da tarwaɗa. Ya san tsakiyar Tiga ba wurin dafawa. Gobe da asuba mutum zai ɗauki filafili da kalli ya shiga, wataƙila har da ɗansa, kuma tsakaninsu da zurfin ruwan nan babu komai sai katakon da shi mai gyara ya buga da hannunsa.