Farautar kifi da mashi a cikin mataccen jirgi

Birnin Dakar, a ƙasar Senegal, yana bakin teku ne. Masuntan wurin ana kiran su Lebu. Unguwanninsu su ne Ngor da Yof da Wakam. Yawancinsu da taru suke su, ko da ƙugiya. Amma akwai masu nutsewa ƙarƙashin ruwa su harbi kifi da mashi.

Inda suka fi so shi ne wurin da jirgi ya nutse. Kewayen Dakar akwai irinsu da dama. A watan Satumba na 1940, lokacin yaƙin duniya na biyu, jiragen Ingila da na Janar De Gol sun buɗa wa birnin wuta. Wani jirgin kaya mai suna Takoma ya kama wuta, ya nutse kusa da tsibirin Gore. Idan jirgi ya daɗe a ƙasa, gansakuka da ƙananan halittu sukan lulluɓe ƙarfensa. Ƙananan kifaye su zo ci, manya su biyo su. Akwai wani kifi da suke kira cof. Shi ne ya fi daraja a tukunyar shinkafa da kifi ta Senegal, kuma yana son ɓuya cikin rami. Yawan kamu ya sa ya ragu ƙwarai.

Kayan aikin ba su da yawa. Gilashi mai rufe ido da hanci. Bututun shaƙar iska. Takalman roba masu faɗi kamar ƙafar agwagwa. Wuƙa. Sai bindigar mashi, wadda ba ta cin albarushi: roba ce ake ja, kamar ɗanƙon harbin tsuntsu, kuma mashin yana ɗaure da igiya.

Sabon shiga ba ya zuwa shi kaɗai. Kawunsa ko wansa yana sama yana kallonsa. Abin da ya fara gamuwa da shi ba kifi ba ne, ciwon kunne ne. Ruwa yana da nauyi. A zurfin metir 10, wato kamar gaba 6, abin da ke danne jiki ya ninka na sama sau biyu. Dole ya toshe hanci ya hura a hankali, tun daga metir na farko. Wanda ya yi taurin kai, kunnensa yana iya fashewa.

Harbin farko kuwa yawanci kuskure ne. Ta cikin gilashi, kifi yakan yi kamar ya fi girmansa, ya fi kusa. Yaro ya harba, mashi ya tsaya bai kai ba.

Ranar da ya samu, ranar ce ta fi hatsari. Cof ya ji mashi, sai ya faɗa cikin jirgin, ya buɗe ƙayoyinsa ya maƙale. Yaro yana ja, kifi yana ja. Ƙirji ya fara zafi. Ga tsatsan ƙarfe mai yanka, ga tsoffin taruna sun nannaɗe ko'ina. A nan manya suke cewa ya saki bindigar ya hau sama. An ɗaura mata igiya da abin da ke yawo a kan ruwa, ba za ta ɓace ba. Ciki kuwa ba a shiga.

Sakin kifin da aka riga aka harba yana da wuya ga saurayi. Amma mai riƙe numfashi fiye da kima yakan suma ba tare da ya ji alama ba, sau da yawa ya kusa isowa sama. Yawan jan numfashi da sauri kafin nutsewa yana ƙara wannan hatsari. Shi ya sa na sama ba ya ɗauke ido sai ɗan uwansa ya fito, ya yi numfashi, ya yi magana. Sannan ne shi ma zai nutse ya ciro kifin.