Farfesa George Dantzig: Ɗalibin da makara ta zame wa alheri

A cikinmu da wuya a samu wanda bai taɓa zama da wannan tambaya ba: ga ɗan abin da ke hannu, ga buƙatu sun yi yawa, yaya za a raba? Uwargida da ke lissafin kuɗin cefane ta san ta, mai motocin haya da ke tunanin wace mota zai tura wace hanya ya san ta, haka ma ɗan kasuwar da jarinsa ba zai sayi duk hajar da yake so ba. Abin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne, wannan tambaya ta zama fannin ilimi mai zaman kansa a jami'o'i, wato ilimin tsara ayyuka da lissafi, har ana naɗa farfesoshi a kansa. A wannan mako mun ga ya dace mu kawo wa masu karatu tarihin ɗaya daga cikin iyayen wannan fanni, Farfesa George Bernard Dantzig na Jami'ar Stanford da ke Amurka.

An haifi Dantzig ranar 8 ga Nuwamba, 1914, a birnin Portland na Jihar Oregon. Iyayensa baƙi ne a Amurka. Mahaifinsa, Tobias Dantzig, an haife shi a ƙasar da ke ƙarƙashin daular Rasha a wancan zamani, ya yi karatun lissafi a Faransa, a can ne ya haɗu da matarsa Anja. Da suka isa Amurka ilimin bai ba shi aiki nan take ba, sai da ya yi aikin ƙarfi, har da saran itace da gyaran hanya, kafin daga baya ya samu digirin digirgir ya zama malamin lissafi a Jami'ar Maryland. Mu da kakanninmu suka baro gida suka kafa zango a ƙasar wasu, wannan labari ba baƙo ba ne a kunnenmu.

Abin mamaki, shi yaron da farko lissafi ya so ya gagare shi. A farkon sakandare sakamakonsa a darasin aljabara bai yi kyau ba. Mahaifinsa bai yanke ƙauna ba, sai ya riƙa jibga masa tambayoyin ilimin siffofi da kusurwa, dubbai a tsawon shekaru, yana warwarewa ana ƙara masa. A 1936 ya gama digirin farko a lissafi da kimiyyar fiziks a Jami'ar Maryland, a shekarar ce kuma ya auri Anne. Ya yi digiri na biyu a Jami'ar Michigan, sannan ya yi aiki na shekara biyu a ofishin ƙididdigar ma'aikata na gwamnatin Amurka.

A 1939 ya koma karatu a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, ƙarƙashin wani shahararren malamin ƙididdiga ɗan asalin Poland mai suna Jerzy Neyman. A nan ne abin da ya sa ake yawan ba da labarinsa ya faru. Wata rana ya makara zuwa aji, ya tarar da tambayoyi biyu rubuce a allo, ya ɗauka aikin gida ne, sai ya kwafe. Ya ga sun fi na kullum tsauri, amma ya daure ya warware su, ya kai wa malamin tare da ba da haƙurin jinkiri. Bayan kamar mako shida, da sanyin safiyar wata Lahadi, sai ga Neyman yana buga masa ƙofa cikin zumuɗi. Ashe ba aikin gida ba ne, matsaloli ne biyu da masana ƙididdiga suka kasa warwarewa, malamin ya rubuta su ne a matsayin misali. An buga amsar ta farko a 1940, ta biyu kuma a 1951 tare da sunan Abraham Wald, wanda shi ma ya kai ga amsar daga baya. Waɗannan amsoshi biyu su ne suka zama kundin digirinsa na digirgir, wanda ya karɓa a 1946.

Yaƙin duniya na biyu ne ya jinkirta digirin. Daga 1941 Dantzig ya yi aiki da rundunar sojan saman Amurka a sashen ƙididdiga. Shi kansa fannin tsara ayyuka yaƙin ne ya haife shi, don a Birtaniya aka fara tara masana kimiyya su ba sojoji shawara kan yadda za a yi amfani da na'urar hango jirage da sauran kayan yaƙi. Bayan yaƙi Dantzig ya zama mai ba rundunar shawara kan lissafi a Pentagon, aka ɗora masa aikin nemo hanyar gaggauta tsara horar da sojoji da jigilar kaya, aikin da a lokacin yakan ci watanni ana yi da hannu. A 1947 ya fito da dabarar da ta ɗaukaka sunansa, wadda ake kira simfileks.

Bari mu kawo misali daga shagon tela don a gane abin da dabarar take yi. A ce tela yana da yadi 60 da awa 48 na aiki a mako. Kaftanin manya yana cin yadi 6 da awa 3, ribarsa sidi 60. Rigar yara tana cin yadi 2 da awa 2, ribarta sidi 30. Idan ya ce kaftani ya fi riba ya ɗinka shi kaɗai, guda 10 zai yi yadin ya ƙare, ribarsa sidi 600, ga awa 18 sun tafi a banza. Idan ya ɗinka rigar yara zalla, guda 24 zai yi lokaci ya ƙare, ribarsa sidi 720, yadi 12 na ajiye. Amma idan ya ɗinka kaftani 4 da rigar yara 18, yadi da lokaci duk za su ƙare daidai, ribar kuma ta kai sidi 780. Kaya iri biyu ana iya lalubo amsar da fensir. To, idan kayan iri dubu ne, sharuɗɗan kuma ɗari biyar fa? Dantzig kan ba da misalin raba ayyuka 70 ga mutum 70: yawan hanyoyin da za a iya yin rabon ya zarce lamba ɗaya mai sifiri ɗari a bayanta, babu kwamfutar da za ta gwada su ɗaya bayan ɗaya. Dabarar simfileks ba ta gwada duka. Takan fara da wani tsari da zai yiwu, ta duba wane canji ɗaya ne zai ƙara riba ko ya rage asara, ta yi shi, ta sake dubawa, har ta kai inda babu sauran canjin da zai inganta lamarin.

Gwajin farko mai girma a kan abinci aka yi shi. A 1945 wani masanin tattalin arziki, George Stigler, ya nemi sanin mafi arhar abincin da zai riƙe mutum shekara guda cikin ƙoshin lafiya, daga nau'in abinci 77 da sinadaran gina jiki 9. Da ƙiyasi ya samu dala 39.93 a farashin 1939. A 1947 aka ba akawu tara injinan lissafi na hannu suka bi dabarar Dantzig, aikin ya ci kwanakin aiki 120 idan aka haɗa na kowa, amsa ta fito dala 39.69. Shi ma Dantzig ya taɓa gwada abin a kansa lokacin da likita ya ce ya rage ƙiba. Kamar yadda ya bayar da labari da kansa, kwamfuta ta fara ba shi shawarar shan galan 500 na ruwan khal, da aka gyara kuma ta ce ya ci dunƙulen ɗanɗanon miya 200 a rana. Darasin da ya fitar shi ne, lissafi ba ya sanin abin da ba a gaya masa ba, dole a sa wa kowane abu iyaka.

Daga 1952 zuwa 1960 ya yi aiki a cibiyar bincike ta RAND a Kalifoniya. A 1954, shi da Ray Fulkerson da Selmer Johnson suka gano mafi gajartar hanyar da matafiyi zai zaga birane 49 na Amurka ya dawo inda ya fara, suka kuma tabbatar da cewa babu wadda ta fi ta. A 1959 shi da John Ramser suka yi nazarin yadda za a tsara tankokin mai daga ma'ajiya zuwa gidajen mai, nazarin da ya zama tushen tsara hanyoyin motocin rarraba kaya. A 1960 ya zama farfesa a Berkeley, ya kafa cibiyar binciken tsara ayyuka a can. A 1963 ya fitar da babban littafinsa a kan fannin, a 1966 kuma ya koma Stanford a matsayin farfesan tsara ayyuka da kimiyyar kwamfuta. Ɗalibai sama da 50 ne suka yi digirin digirgir a hannunsa. Matatun mai da kamfanonin jiragen sama da masu haɗa abincin kaji suna cikin waɗanda suka ci moriyar aikinsa.

Wajen karramawa ma ba a bar shi a baya ba. A 1971 aka zaɓe shi cikin Majalisar Masana Kimiyya ta Ƙasa ta Amurka. A 1975 ya zama mutum na farko da aka ba kyautar John von Neumann, wadda take cikin mafi daraja a fannin. Lambar yabo ta ƙasa a kimiyya ta shekarar 1975 ma ta zo gare shi, Shugaba Gerald Ford ya miƙa masa ita a 1976. A 1985 ya shiga Majalisar Injiniyoyi ta Ƙasa, ya kuma karɓi kyautar Harvey. Ƙungiyoyin masana lissafi sun kafa kyauta da sunansa, wadda aka fara bayarwa a 1982.

Sai dai akwai wadda ta wuce shi. A 1975 aka ba Leonid Kantorovich na Tarayyar Sobiyet da Tjalling Koopmans kyautar Nobel ta tattalin arziki saboda aikinsu kan mafi kyawun rabon dukiya, ba a sa Dantzig ba. Ba za a ce Kantorovich bai cancanta ba, don tun 1939 ya yi irin wannan nazari a kan wata masana'antar katako a Leningrad, ko da yake aikin nasa ya daɗe bai isa ƙasashen Yamma ba. Amma masana da dama sun ga an tauye Dantzig. Koopmans kansa abin ya dame shi, har ya ba da wani kaso na kuɗin kyautarsa ga wata cibiyar bincike a Ostiriya, inda Dantzig ya taɓa aiki, domin girmama shi. Daga baya wasu sababbin dabaru sun fito, kamar ta Leonid Khachiyan a 1979 da ta Narendra Karmarkar a 1984, amma ba su kori simfileks daga aiki ba. A shekarar 2000 wata mujallar kimiyyar kwamfuta ta sa ta cikin manyan dabarun lissafi goma na ƙarni na 20. Dantzig ya rasu ranar 13 ga Mayu, 2005, a Kalifoniya, yana da shekara 90.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan tarihi bai wuce halin da muke gani a gidajenmu ba. Sau da yawa yaro kan faɗi jarrabawar lissafi sau ɗaya, mu iyaye mu yanke hukuncin cewa kansa ba ya ja, mu ce ya zo kasuwa ya taya mu tsaron shago. Kasuwa ba abin raini ba ce, ita ta riƙe zangunanmu tun zamanin fataucin goro. Amma da mahaifin Dantzig ya yi saurin yanke irin wannan hukunci, da wataƙila ba mu ji sunan ɗansa ba. Kuma tambayoyin da wannan fanni yake amsawa namu ne na yau da kullum: nawa za a saro, wace mota za ta bi wace hanya, nawa za a ajiye don gobe. Yaron da ya tashi yana jin irin wannan lissafi a bakin iyayensa ya riga ya san tambayar, saura a ba shi lokaci da malami ya koyi hanyar amsa ta.

Don haka idan sakamakon zangon karatu ya fito aka ga maki ya yi ƙasa a lissafi, kafin mu cire yaro daga makaranta, mu nemi wanda zai zauna da shi ko da awa ɗaya ce a rana, mu ga abin da shekara guda za ta haifar.