Kyamarar Gaban Mota: Shaidar Da Ba Ta Da Dangi

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Yendi zuwa Saboba da damina ya san cewa direba a wannan yanki namu ido huɗu yake bukata. Ga ramuka, ga shanu, ga masu babur da ke ɓullowa daga hanyar gona babu sallama, ga kuma gadar Kpalba da ruwa kan shanye idan kogi ya kawo, har Saboba ta koma kamar tsibiri, ba a shigarta sai da kwalekwale. To, amma ba kukan hanya ne ya sa muka ɗauki alƙalami a wannan wata ba. Wani ɗan abu ne da bai fi akwatin ashana biyu girma ba, wanda muka gani da idonmu ya ceci wani bawan Allah daga hannun jama'a, ya kuma tona masa asiri a lokaci guda.

A kakar doya ta bara muna dawowa daga taron malamai a Yendi cikin motar haya, mu biyar da direba. Da muka shigo wani ƙauye, sai wani saurayi a kan babur, ya ɗaure doya a baya, ya faɗo titi daga hannun dama. Direba ya taka burki ya kauce, amma ƙaddara ta riga fata, babur ya daki ƙofar baya, yaro ya faɗi ya karye a hannu. Kafin mu gama fitowa mutane sun kewaye mu. Direbanmu ɗan zangon Yendi ne, yana jin yaren Dagomba sarai, amma na Konkomba ko gaisuwa ba ya iyawa. Kowa na magana, ba mai sauraron wani, kuma duk wanda ya iso daga baya labarin da yake tararwa shi ne mota ta buge yaro.

Kada mai karatu ya ɗauka muna zargin wata ƙabila ne. Da a ce direba Bakonkombe ne ya buge ɗanmu a tsakiyar zango, da mu ma haka za mu taru a kansa, watakila ma fiye. Halin ɗan Adam ne, idan ya ga jinin nasa a ƙasa ba ya tambayar wa ke da gaskiya. Sai dai mu Hausawa da ke zaune 'yan tsiraru a garuruwan nan, kuma yawancin abincinmu yana kan titi, mu ne muka fi yawan samun kanmu a matsayin baƙo a wurin da abu ya faru.

Abin da direban nan ya yi shi ne ya ciro wata 'yar na'ura da ke manne a bayan madubin tsakiya, ya miƙa wa wani dattijo da hannu biyu. Aka taru a kan ɗan allonta, aka kalla har sau uku. Kowa ya ga yadda babur ya shigo ba tare da mai shi ya waiga ba. Murya ta fara sauka. Muka sa yaro a mota zuwa asibiti, daga can aka sanar da 'yan sanda. To, a nan ne kuma reshe ya juye da mujiya, domin a ƙasan hoton akwai lamba da ke nuna gudun mota, kuma ta nuna kilomita 70, alhali dokar hanya ta 2012, wato L.I. 2180, ta ƙayyade 50 a cikin gari. Direba ya sunkuyar da kai. Daga ƙarshe dai shi ya ɗauki kuɗin magani, ba wanda ya taɓa lafiyarsa ko motarsa, kuma a ganinmu hukuncin ya yi daidai.

Da muna komawa gida wani abokin aikinmu mai koyar da tarihi ya kawo wata magana da ta tsaya mana a rai. Ya ce kakanninmu da suka yi fataucin goro tsakanin Kano da Gwanja, suna ratsa Sansanne Mango da Yendi su sauka Salaga, ba su taɓa tafiya ba shaida ba. Ayari na da madugu, na da jagaba, kuma a kowane zango akwai mai masauki da zai tsaya wa baƙonsa idan rigima ta taso. Jikokinsu kuwa ga su nan, mutum ɗaya da yaron mota, sun ɗauko albasa daga Bawku sun nufi Kumasi cikin dare, ba madugu ba mai masauki. Wa zai faɗi abin da ya faru a kan tudun Nakpanduri da ƙarfe biyun dare?

Ita wannan na'ura, wadda za mu kira kyamarar gaban mota, ba sabon abu ba ce a duniya. A ƙasar Rasha direbobi sun daɗe da rungumarta saboda masu faɗa wa mota da gangan su nemi diyya, da kuma rigingimun inshora. Saboda yawanta ne ma, lokacin da wani dutse ya faɗo daga sama ya fashe a kan birnin Celyabinsk ranar 15 ga Fabrairu, 2013, duniya ta kalli abin daga gilasan motocin mutanen da ke kan hanyarsu ta zuwa aiki. Mu a nan ba duwatsun sama ne damuwarmu ba. Ba mu manta da watan Maris na 2019 ba, lokacin da manyan motocin fasinja biyu suka yi karo kusa da Kintampo, ɗaya daga cikinsu ta taso ne daga Garu, maƙwabciyar Bawku, mutane sama da 50 suka rasu. A irin wannan rana waɗanda suka san yadda aka yi galibi su ne waɗanda ba za su sake magana ba.

Yadda take aiki

Da an murɗa makulli sai ta kama da kanta, ta riƙa ɗaukar hoto mai motsi tana yanka shi gutsure-gutsure, na minti ɗaya ko uku ko biyar, tana zubawa a cikin ɗan kati irin na waya. Idan kati ya cika ba ta tsayawa, sai ta koma farko ta riƙa goge mafi tsufa tana rubuta sabo a kansa. A lura da wannan da kyau, domin a nan mutane da yawa ke yin asara. Katin giga 32 kan ɗauki kamar awa uku zuwa huɗu na hoto mai kyau. Ke nan wanda abu ya same shi a Saboba da safe, ya ci gaba da tuƙi zuwa Tamale ya dawo, kafin yamma shaidarsa ta goge. Akwai maɓallin kulle hoto, a danna shi nan take, ko kuwa a kashe na'urar a zare katin a adana.

Yawancinsu suna da wani ma'auni a ciki mai jin girgiza, wanda idan ya ji karo sai ya kulle hoton da kansa. Masu ƙera ta da titin Turai suka yi lissafi. A hanyarmu kowane rami karo ne a wurinta, sai ta yi ta kullewa har kati ya cika da hotunan ramuka, ta rasa inda za ta rubuta sabo. Maganin abin shi ne a shiga saitinta a mayar da jin girgizar zuwa mafi ƙanƙanta, sa'an nan a riƙa wanke katin daga cikin na'urar ko da sau ɗaya a wata.

Wajen saye, abu na farko da za a tambaya shi ne yadda take da zafi. A watan Maris da Afrilu zafin ƙasar nan yakan kai maki 40 a inuwa, balle bayan gilashin motar da aka rufe a rana. Masu ƙaramin batir irin na waya sukan kumbura su mutu. A nemi mai kafasita maimakon batir, ta fi jure wa rana nesa ba kusa ba. Hoton kada ya gaza 1080, in ba haka ba lambar motar da ke gaba sai ta zama kamar rubutun ɗan aji ɗaya. Kati kuma a sayi wanda aka yi domin kyamara, a wurin wanda za ka iya komawa gare shi. Mu namu na farko an rubuta 64 a jikinsa, da muka zo dubawa rabin hotunan ba sa buɗewa. Araha ba ta ado.

Ɗaurawa

Bayan abin da muka gani mun haɗa kuɗi mun sayo ɗaya domin tsohuwar motar da muke zirga-zirga da ita, kuma ɗaurawar ba ta ci mana rabin awa ba. A fara wanke gilashi daga ciki, a bar shi ya bushe. Mazauninta shi ne sama, a bayan madubin tsakiya, ɗan karkata zuwa ɓangaren fasinja, wato hannun dama ke nan tun da Gana ta koma tuƙi a dama a 1974. A can ba ta tare wa direba gani. A tabbata tana cikin inda abin share gilashi ke kaiwa, domin da damina ko lokacin ƙurar hunturu, idan tana waje da nan, laka kawai za ta ɗauka. Kada kuma ta hau kan takardar inshora ko ta DVLA. Akwai mai roba mai tsotsar gilashi, akwai mai gam. Tamu mai tsotso ce, kuma ba mu kai Wapuli ba sai da ta faɗo kan gwiwar fasinja. Mai gam ta fi dacewa da hanyarmu.

Kafin a manna, a kunna ta a duba allo. Hancin mota ya ɗan fito a ƙasa, titi ya cinye mafi yawan hoton, sama ta zama kaɗan. In sama ta yi yawa hasken rana zai sa titi ya yi duhu. Waya kuma a tura ta ƙarƙashin rufin ciki, ta gangaro ta gefen ƙofar fasinja, ta bi ƙasan akwatin takardu zuwa ramin kunna sigari. Idan motar na da jakar iska a ginshiƙin gefen gilashi, waya ta bi ta bayanta, kada ta gitta gabanta. Ƙananan motoci wutarsu bolt 12 ce, manyan loruka kuwa da yawa 24, saboda haka masu manyan motoci su karanta abin da aka rubuta a kan filogin kafin su cusa. Wasu motocin ramin nan ba ya mutuwa ko an zare makulli, mai irin wannan ya riƙa cirewa da dare, in ba haka ba da safe sai turi. Wanda yake son ta yi gadi ko mota na ajiye, wannan aikin mai gyaran wutar mota ne, ya haɗa ta da akwatin fiyus da wayar da ke yanke wuta idan batir ya yi ƙasa. Kada a bar wa yaron mota da reza.

Saura abu ɗaya da ake rainawa, wato agogo. Tamu ta zo da lokacin ƙasar Sin, wanda ya riga namu da awa takwas, kuma sai da muka yi mako biyu kafin mu farga. Hoton da ya ce abu ya faru ƙarfe goman dare alhali da azahar ya faru, wane mai bincike ne ba zai yi shakkarsa ba?

Doka da ladabi

Dokar Gana ta 2008 kan mu'amalolin na'ura, mai lamba 772, ta yarda a karɓi irin wannan rikodi a matsayin shaida, amma kotu ce ke auna nauyinsa, kuma za ta so ta san ba a taɓa shi ba. Don haka kada a yanke, kada a ɗora waƙa ko rubutu a kai. A kwafe wa 'yan sandan MTTD da kamfanin inshora, a riƙe katin asali. Kuma duk wannan yana bayan kai mai rauni asibiti ne da sanar da hukuma.

Batun murya ya fi sarƙaƙiya. Tsarin mulki na 1992 ya kare sirrin zancen mutane, kuma a 2018 Kotun Ƙoli, a shari'ar Cubagee, ta ce naɗar hirar mutum ta waya a ɓoye tauye masa haƙƙi ne. Hirar cikin mota ba ta waya ba ce, amma mai hankali ba ya jira sai an kai shi gaban alƙali. Fasinja sukan yi zancen aurensu da bashinsu a motar haya. Direban haya ya kashe murya, ko ya manna sanarwa kowa ya gani. Mai motar gida kuwa murya na da amfani gare shi, domin da dare hasken fitila kan wanke lambar motar da ta goge ka ta gudu, amma idan ka karanta ta da baki, na'ura ta riƙe.

Abin da ya fi damunmu shi ne WhatsApp. Mun sha ganin hoton gawar mutum yana yawo a wayoyi kafin a sanar da mahaifiyarsa. Wanda ya ɗaura kyamara zai riƙa ɗaukar abin da ba nasa ba, kuma bai kamata ya zama ɗan jaridar dare ɗaya ba. 'Yan'uwanmu masu bin hanyar Bawku, inda aka sha kafa dokar hana fita saboda rikici, su ne suka fi bukatar wannan gargaɗi, domin hoton da ya nuna fuskar mutum ko ƙofar gidansa yana iya jawo masa abin da ba a so. A shingen jami'an tsaro ma kada a mai da ita abin tsokana. Idan an tambaya, a faɗi abin da take yi cikin ladabi, idan soja ya ce a kashe a wurin aikinsa, a kashe.

Wasu matasa sun tambaye mu ko tsohuwar waya ba za ta yi wannan aiki ba. Za ta yi na ɗan lokaci, amma zafin gilashi kan kashe ta, kuma dokar 2012 ɗin nan ta hana direba amfani da waya yana tuƙi. Shawararmu ga shugabannin tasha na GPRTU a Yendi da Salaga da Saboba ita ce su sayo da yawa a lokaci guda domin farashi ya sauko, su fara da motocin da ke kwana a hanya, sa'an nan su ajiye mutum ɗaya a ofis wanda ya iya zare kati ya kwafe hoto ba tare da ya goge shi ba.