Mayar da tsohon injin mota zuwa tsarin fambel ɗaya

Mayar da tsohon injin mota zuwa tsarin fambel ɗaya wani gyara ne da ake yi wa motocin da aka ƙera da fambel biyu, uku ko huɗu masu siffar V. Ana cire su ne a sa dogon fambel guda mai faɗi, wanda zai riƙa juya dukkan na'urorin da ke gaban inji, wato altaneta mai cajin batir, famfon ruwa, famfon sitiyari da kwamfiresan sanyaya mota. A Turance ana kiran wannan fambel serpentine, ma'ana mai kama da maciji, saboda yadda yake lanƙwashewa yana ratsa tsakanin na'urorin. An fi yin wannan aiki a Amurka, a kan tsofaffin injunan V8 na Chevrolet da Ford. Wannan fambel daban yake da bel ɗin tayimin, wanda aikinsa daidaita buɗewa da rufewar bawul.

Tarihi

John Gates na kamfanin roba na Gates da ke Denver ne ya ƙirƙiro fambel mai siffar V a shekarar 1917, kuma an shafe fiye da shekara sittin da shi ake ƙera motoci. Da na'urori suka ƙaru a gaban inji, sai yawan fambel ya ƙaru, kowanne da nasa ɗaurin. Ford ya sa fambel ɗaya a motar Mustang ta shekarar 1979, Chevrolet kuma ya sa shi a Corvette ta 1984. Kafin ƙarshen shekarun 1990 yawancin sababbin motoci sun koma wannan tsari.

Bambancin fambel biyun

Fambel mai siffar V da gefunansa biyu yake kama kwarin fuli, wato wilin da yake hawa. Idan ya saki sai ya riƙa zamewa yana ƙara, sai bakanike ya kwance noti ya ja altaneta baya ya sake ɗaurewa. Shi kuwa sabon fambel siriri ne mai faɗi, cikinsa na da layuka a tsaye, galibi shida a motoci, da tazarar milimita 3.56 tsakanin layi da layi. Lambar da ke bayansa ce ke nuna girmansa: 6PK1750 na nufin layi shida da tsawon milimita 1750. Wani fuli mai sifirin ne ke danne shi kullum, don haka ba a bukatar ɗaure shi da hannu. Saboda sirantakarsa yana iya lanƙwasawa ta ciki da ta baya, kuma bayansa mai santsi ma yana juya fuli.

Dalilan yin gyaran

Babban dalili shi ne wutar lantarki. Mai tsohuwar mota da ya ƙara fankar lantarki, na'urar sanyi ko manyan fitilu yana bukatar altaneta mai ƙarfi, kuma fambel mai siffar V guda ɗaya yakan zame idan nauyi ya yi masa yawa. Akwai kuma sauƙin canji, domin a tsohon tsari idan fambel na ciki ya tsinke sai an cire na gabansa duka.

Juyawar famfon ruwa

Nan ne aka fi yin kuskure. Idan mutum ya tsaya a gaban waɗannan injuna, karanshaf yana juyawa ne yadda hannun agogo ke tafiya, kuma a tsohon tsari famfon ruwa ma haka yake juyawa. A tsarin fambel ɗaya na masana'anta kuwa, sau da yawa bayan fambel ne ke juya famfon, don haka yana juyawa ta kishiyar hanya. Idan aka bar tsohon famfo, fikafikan cikinsa ba za su tura isasshen ruwa zuwa lagireto ba. Injin zai tashi lafiya, amma zai riƙa zafi, har ya kai ga ƙona gasket ko lanƙwasa kan silinda. Alamar da ake dubawa ita ce fulin famfon: idan mai santsi ne, famfo mai juyawa baya ake bukata, idan mai layuka ne, juyawarsa irin ta da ce. Fankar da ke ɗaure a jikin famfon ita ma dole a canza ta, in ba haka ba za ta riƙa tura iska gaba maimakon ta jawo ta ta cikin lagireto.

Kayan aiki da matakai

Ana samun kayan ta hanya biyu. Wasu kan ciro su gaba ɗaya daga wata mota mai inji iri ɗaya, misali motocin ɗaukar kaya na Chevrolet na 1988 zuwa 1995. Wasu kuma kan sayi sabon saiti daga kamfanoni irin su March Performance, Holley da Vintage Air. Kafin saye ana duba kan silinda, domin kawunan ƙaramin V8 na Chevrolet da aka ƙera kafin 1969 galibi ba su da ramukan noti a gaba inda ƙarafan riƙe na'urori ke zama. Ana kuma auna filin da ke tsakanin inji da lagireto.

Bayan an cire kan batir an zubar da ruwan lagireto, sai a kwance tsofaffin fambel da fuli da ƙarafa. Daga nan a ɗaura famfon ruwa, sababbin ƙarafa, na'urori, sannan fuli mai sifirin. Dole dukkan fuli su tsaya a layi ɗaya, ana gwadawa da miƙaƙƙen ƙarfe ko na'urar leza. Ɗan karkata kaɗan ya isa ya sa fambel ƙara, ya cinye gefensa ko ya fice.

Illa

Tunda fambel ɗaya ne ke ɗauke da komai, idan ya tsinke, ko boris ɗin wata na'ura ya cije, caji da famfon ruwa da sauƙin sitiyari duk za su tsaya lokaci guda, kuma inji kan yi zafi cikin 'yan mintuna. Shi ya sa ake shawartar direba ya ajiye wani fambel a mota tare da zanen hanyar da yake bi. Fambel na zamani da ake yi da robar EPDM ba ya saurin tsagewa, layukansa ne ke cinyewa a hankali, don haka zurfin layukan ake aunawa, ba tsagewa kaɗai ake dubawa ba.